Shekarar da Lauya Tanimu Ya Kai Ƙasa Kotu

Jiya da la'asar ruwan shuka ya sauka a Dudunni, kwana biyar da binne Lauya Tanimu. Da ya ɗauke na fita bayan gida, duk da gwiwar nan da ta sa ni gaba, na tsuguna na tona da yatsa, na damƙo ƙasa na matse. Ta dunƙule, ba ta warware ba. Matar ɗana Sule tana tsaye da waya a hannu, wai an ce za a ƙara wani ruwan jibi. Na ce ta bar ni da mutanen cikin wayarta, ni hannuna nake tambaya. Sai ga ni na daɗe a tsugune ina kallon dunƙulen, don irinsa na taɓa gani a kan teburin alƙali, shekara arba'in ke nan ko fiye.

Daminar da ta gabaci waccan shekarar ba ta yi ba. Gero ya fitar da kai ya bushe a tsaye, dawa ko maganarta ba a yi. Bayan ɗan abin da aka tsinta ya shiga rumbu, maigidana ya kwanta ciwo, bai tashi ba, Allah ya jiƙansa. Ya bar ni da yara uku da mahaifiyarsa, Inna. Na fita takaba a tsakiyar bazara, irin bazarar da ko kaji sai su buɗe baki su kwanta gindin randa. Tabarma zafi, bango zafi, ruwan rijiya ya koma ja, sai an jira ya taru a ɗebo da ƙoƙo. Kuma ga azumi yana tahowa.

Rumbu ya ƙare tun kafin na fita takaba. Da safe in share gida, in dama dusa da ɗan kanwa in ba yara. Da rana Inna ta dafa busasshiyar tafasa ko yaɗiya, a kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu. Abin da ya riƙe mu, bayan Allah, ɗorawa ce. Akwai wata babba a tsakiyar gonarmu, mutum biyu ba sa zagaye ta da hannu. Ita fari bai dame ta ba. Muka kaɗe ta, garin nan rawaya a dama wa yara su sha har bakinsu ya rine, kalwar kuma, wato 'ya'yan, in dafa in surfa in wanke in rufe kwana uku, in yi daddawa. Ran kasuwar Kusada daddawar nan take zame mana mudun dawa.

Akwai kuma abin da ba a taɓawa. Inna ta ware irin gero tun kaka, ta gauraya da toka ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da taɓo ta tura ƙarƙashin gadonta. Ranar da ƙaramar ɗiyata ta wuni tana kukan yunwa na je na tsaya a ƙofar ɗakin. Inna ta gane. Ta ce, "Talatu, in kin ci wanga yau, baɗi mi za ki ci?" Na koma na zauna ina jin haushinta, wallahi har cikin raina.

Ana saura kwana kaɗan a kama azumi aka kawo mana sammaci. Alhaji Ɗanladi na Kusada, mai sayar da hatsi, ya kai ƙara cewa gonarmu ta mahaifinsa ce, marigayi Malam Audu, aro ya ba surukina, yanzu kuma yana son abinsa. Hujjarsa ɗaya ce, amma mai nauyi. A wajenmu wanda aka ba aron gona yakan kai wa mai ita dami ɗaya duk kaka, don kada a manta ta wa ce. To, duk Dudunni an san kowace kaka Inna tana ɗora wa jaki damin gero a kai gidan Malam Audu. Ko a shekarar farin nan sai da ta aika, ƙarami.

Ni na san na mene ne damin, maigidana ya taɓa gaya mini. Lokacin da Inna ta haife shi ta yi ciwo nononta ya ɗauke, matar Malam Audu, wadda take goyon Ɗanladi, ita ta shayar da shi wata biyar. Damin godiya ne. Sai dai maigidana ɗan fari ne, Inna kuwa mutanen da ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yin zancensa da kowa ba, ko ranar da ya rasu a bayan ɗaki ta yi kukanta. Shekara talatin tana aika dami ba ta faɗa wa kowa dalili ba. Malam Audu da matarsa sun rasu, Ɗanladi ya tashi yana ganin dami yana shigowa gidansu, ya yi lissafinsa yadda kowa zai yi. Ban ce mugu ne ba. A lokacin dai na ce, har da ƙari.

Muka je Kankia, ni da Inna da yayana Malam Haruna. Alƙali ya saurara, ya ce kada kowa ya taɓa gonar sai an yanke hukunci, a dawo bayan salla. Muka fito ban san inda zan dosa ba. A nan Yaya Haruna ya ce mu je wajen wani lauya. Na ce lauya kuma? Mu a lokacin abin da muka sani, lauya mutum ne da ke juya magana da Turanci har mai gaskiya ya rasa ta cewa.

Ofishin nasa shago ɗaya ne kusa da tasha, tsakanin tela da mai gyaran rediyo. Benci, tebur, littattafai jibge a ƙasa. Shi kuma siriri, dogon wuya, da wata baƙar kwat da ta yi masa yawa, a cikin wannan zafi. Na ce a raina wannan ai shi ma taimako yake nema. Ɗan manomi ne daga Kunduru, abokan karatunsa duk suna Kaduna da Kano, shi ya dawo gida. Da ya ga Inna sai ya zagayo ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ya ji bayani, ya tambaye ta damin na mene ne. Inna ta ja mayafi ta kalli bango. Ni na ja shi gefe na faɗa masa.

Ya ce, "Akwai wanda ya sani, mai rai?"

Na ce, "Sai ita."

"Za ta faɗa gaban alƙali?"

"Ko za a yanka ta."

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "To ba za mu tilasta mata ba, Malama Talatu. Mu nemi wata hanya."

Aka kama azumi. Kai, ban ƙara ganin azumi irin wannan ba. Kafin hantsi harshe ya manne, da azahar sai mu jiƙa zane mu lulluɓa mu kwanta. A sha ruwa da kunun dusa, a yi sahur da abin da ya rage. Kullum da yamma hadari ya haɗu ta gabas, iska ta taso ta kwashe shi. Ran tara ga wata, bayan la'asar, bai watse ba. Ya yi baƙi ƙirin, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, har indararo ya kasa. Ƙamshin ƙasa ya cika gida, yara suna tsalle a tsakar gida. Duk gari murna, ana ta fito da sungumi ana gyara ƙota. Ni kuwa na zauna a bakin murhu ina kuka, don kafin bayan salla sauran sati uku, geron da aka shuka a lokacin ba zai kai ba.

Washegari da hantsi muka ji babur. Lauya Tanimu ne, taɓo har gwiwa. Ko zama bai yi ba, ya ce in ba shi kwanon sha in raka shi gona. Bai taka cikinta ba, saboda umarnin alƙali. Daga bakin iyaka ya tsuguna ya tona, danshi ya kai tsawon hannu. Ya cika kwanon da ƙasa ya rufe da faifai ya ɗaure da hankici. Sannan ya dube ni.

"Zan roƙi alƙali shi bari a yi shuka. Amma ba zai yarda ba sai da sharaɗi, wanda ya ci shari'a shi ke da amfanin gona. Kin gane? In mun faɗi, irinki da wahalarki sun tafi tare da gonar. Kuma ban ce miki za mu ci ba."

Na tuna tulun Inna, na tuna a ƙalla zai yi wa yara tuwon kwana goma. Na ce, "Kai mi ka gani?"

Ya ce, "Ni ba ni zan kwana da yunwa ba. Ke za ki faɗa."

Na ji haushin amsar nan, ina son wanda zai ɗauke mini nauyi ne. Daga baya na gane girmama ni ya yi. Na ce a je.

A ranar ya shigar da takarda, ya bi Alhaji Ɗanladi har rumfarsa aka kai masa sanarwa, washegari muka tsaya gaban alƙali. Ya kwance hankici ya ajiye kwanon a kan tebur, mutane suna leƙe. Ya damƙi ƙasar ya matse ta dunƙule.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan ta jiya ce. Gobe in na matse za ta tsage, jibi ta zube. Mu za mu iya jira har bayan salla, ita ba ta iyawa. In ba a shuka ba, duk wanda ya ci shari'ar nan ciyawa ya ci."

Alƙalin dattijo ne, kuma da gani ya taɓa riƙe fartanya. Ya miƙa hannu ya murza ƙasar a yatsunsa. Ya tambayi Alhaji ko yana da ja. Alhaji ya ga ko ta yaya ba shi da asara, ya ce ba shi da ja. Aka rubuta sharaɗin.

Da asuba Inna ta fasa bakin tulu da kanta. Yaya Haruna ya riga ya zagaya gari, sai ga maza goma sha da sungumi, mata muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ita ce gayyar da ban dafa wa komai ba, don kowa da azumi a bakinsa, kuma na gode wa Allah da hakan, da ban san abin da zan ba su ba. Ba waƙa, ba ganga, sai ƙarar sungumi da numfashi. Lauya ma ya zo, ya cire kwat ya naɗe wando ya karɓi sungumi. Layinsa ya karkace kamar tafiyar maciji. Wani dattijo ya ce, "Lauya, boko ya cinye maka hannu." Ya ce, "Ya bar mini baki, Baba, shi nake ci da shi." Kafin rana ta take, tafinsa ya yi bororo biyu.

Muka gama wajen azahar, aka zube a inuwar ɗorawa, ba mai iya magana. Shi yana kwance rigingine yana kallon rassan. Can ya ce, "Malama Talatu, wa ke kaɗe ɗorawar nan?"

Na ce, "Mu mana."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a kawo ni. Inna ta koya mini daddawa da ita."

"Gidan Malam Audu ana kai musu?"

Na ce, "Kai musu? Matar Alhaji ai a wajena take sayen daddawa ran kasuwa, har tana cewa na cika tsada."

Ya tashi ya kakkaɓe wando ya tafi, ko sallamar kirki bai yi ba. Na ce wannan mutum ƙishirwa ta taɓa masa kai.

Gero ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyu. Kullum in je in tsaya a bakin gona ina kallon ganyen yana naɗewa. Goman ƙarshe na azumin nan ban roƙi Allah komai ba sai ruwa. Ana jajibirin salla ya dawo, muka yi salla a jiƙe, ba sabon zane, ba nama, amma ban taɓa jin daɗin salla irin wannan ba. Muka yi noman farko ni da Yaya Haruna, ina yi ina tunanin ko Alhaji nake yi wa.

Ranar shari'a Alhaji ya kawo shaidu uku, duk suka ce sun ga dami yana zuwa. Lauya bai musa ko ɗaya ba. Da aka tambayi Inna ta ce, "Ƙwarai, ni ke aikawa," ta rufe bakinta. Sai Lauya ya miƙe ya gaida Alhaji cikin ladabi, ya tambaye shi ko shi ma yana da gonakin da ya ba mutane aro. Alhaji ya gyara zama ya ce yana da su, har a Fakuwa.

"Akwai ɗorawa a cikinsu?"

"Akwai."

"In ta nuna, wa ke kaɗewa? Wanda aka ba aro?"

Alhaji ya yi dariya. "Haba Lauya, kamar ba ɗan ƙauye ba. Ƙasa ake ba da aro, ba itace ba. Ɗorawa ta mai gona ce, ko yaro ya sani."

"To Alhaji, yaushe rabon gidanku da kaɗe ɗorawar gonar Dudunni?"

Alhaji ya shiga lissafi da yatsu. Lauya ya ce ba sai ya yi sauri ba, ya tuna ko zamanin mahaifinsa, ko sau ɗaya. Na ga fuskar Alhaji tana sakewa a hankali. Abin da zan faɗa a kansa shi ne bai yi ƙarya ba. Ya ce bai taɓa gani ba. Sannan ya manta da alƙali, ya juyo wajen Inna, muryarsa ta yi ƙasa.

"To Inna, damin fa? Na mi ne?"

Inna ta daɗe tana kallon bango. Lauya ya koma ya zauna, bai ko dube ta ba. Sai ta ce, ba ta juyo ba, "Uwarka ta ba wancan nono, wata biyar. Kai a dama, shi a hagu."

Wancan. Iyakar sunan da ta iya kiran ɗanta da shi ke nan, kuma ranar ce kaɗai na ji ta ambace shi. Alhaji ya sa hannu ya rufe fuska. Da ya buɗe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na janye. Gonar 'ya'yan ɗan'uwana ce." Kafin mu isa gida buhun dawa daga rumfar Alhaji ya riga mu, shi ya kai mu har muka fara cin tumu.

Kaka ta yi kyau daidai gwargwado. Na zaɓi damin da ya fi kowanne, na sa aka ɗora a mota zuwa Kankia. Lauya ya fito ya gani, ya ɗaga hannu biyu. Ya ce, "Malama Talatu, ba ki ji jiki ba? Bana dami, baɗi dami, in na mutu ɗiyana su kai jikokinki kotu." Na koma da abina. Da bazara ta zagayo na yi daddawa mai kyau na kai masa. Nan kuwa har da riƙe ciki don dariya. "Wannan ai ya fi dami muni. Ɗorawar za ki ba ni? Gonar duka ke nan." Na ce shi dai ba ya son alheri. Ya ce shi ya san abin da alheri ya ja mana.

Haka muka yi ta yi. Shekaru suka wuce, shagon ya zama ɗaki biyu, kwat ta zo ta yi masa daidai har ta matse. Manoma daga Kunduru, Fakuwa, har wajenmu, in rigimar iyaka ko gado ta taso sai a ce a je wajen mai kwanon ƙasa. Da yawa ma ba ya bari su kai kotu, a kan bencinsa ake gamawa. Da aka dawo siyasa mutanen Kankia suka tsayar da shi majalisar jiha. Na ce to, ga abin da ba zai iya ƙi ba, ashe mu akwatinmu na Kusada ne. Ko ƙuri'ata ban samu na ba shi ba. Sai ɗiyata da ke aure a Kunduru na tasa gaba, ita da mijinta da uwar mijin.

Na sha jin muryarsa a rediyo yana faɗa a kan takin da ake kawowa bayan an gama noman maimai, da bakin nan nasa da ba ya raga wa kowa. Ba duka ya iya ba. Kwalbatin da ya yi wa su ɗiyata alkawari har ya sauka ba a yi ba, kuma na je na gaya masa ido da ido. Bai kawo mini dogon Turanci ba, ya ce, "Nan kam na gaza, Hajiya." Da ya gama wa'adinsa ya dawo ɗakinsa na kusa da tasha, ya ci gaba da zama da masu rigimar iyaka har ƙarfinsa ya ƙare.

Ranar sadakar uku na shirya daddawar bana, daga ɗorawar nan dai, tana nan ta tsufa kamar ni. Na ƙulle a ƙwarya, Sule ya kai ni Kankia. Gida cike da mata. Na gaida matarsa Hajiya Mairo, muka yi addu'a, na tura mata ƙwaryar ina jiran a dawo mini da ita kamar kullum. Ta buɗe ta sunsuna, sai ta yi wata 'yar dariya da hawaye a ido.

Ta ce, "Ya ce za ki zo da ita. Ya ce in ba ya nan a karɓa, amma sai gaban shaidu." Ta ɗaga murya ta dubi matan. "Ku shaida, kyauta ce. Gonar Dudunni da ɗorawarta ta Hajiya Talatu ce da 'ya'yanta."

Matan suka ce sun shaida, rabinsu ba su san ma zancen ba. Aka ɗauki daddawar aka kai wa masu miya. Ni kuwa tun da aka faɗa mini rasuwar ban yi kuka ba sai a nan, na ja mayafi na juya na kalli bango.

Yau da asuba su Sule suka fita shuka. Na ce su fara daga gindin ɗorawa.